Babbar kilarinet ko ƙarama: da wacce za a fara?

Malam, ka ce muryar babbar kilarinet (wata irin sarewa ta Turawa mai ramuka da maɓallai) ce ta shiga ranka, kana tambaya ko ka fara da ita kai tsaye ko sai ka bi ta kan ƙarama. Ni dai ƙarama zan ce ka fara kamawa.

Tsarin yatsu ɗaya ne. Inda ka danna a ƙarama nan za ka danna a babba, sai dai sautin babbar ya fi zurfi, kamar uba da ɗa suna rera waƙa guda. Abin da ka koya ba zai tashi a banza ba. Bambancin yana wajen ramuka. Na ƙarama a buɗe suke, tsokar yatsanka ce ke toshe su, kuma ko 'yar kafa ka bari sai ta tsala ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ramukan babba sun fi ƙarfin yatsa, maɓallai ne ke rufe su. Da sauƙi kam, amma wanda ya saba da haka, ran da aka miƙo masa ƙarama sai ya koma ɗan koyo.

Babba akwai cin iska. Tana son numfashi daga ciki, maƙogwaro a buɗe, leɓe ba a matse sosai ba. Ba a kan babban yatsa take rataye ba kamar ƙarama: ƙafar ƙarfe gare ta da ake kafawa a ƙasa, ko a rataya ta a wuya. Adolphe Sax na Beljiyam, wanda daga baya ya ƙirƙiro saksofon, shi ya gyara fasalinta a 1838.

Sai maganar aljihu. Babba ta ninka ƙarama tsada nesa ba kusa ba, maɓallanta dogaye ne masu saurin lanƙwasa, mai gyara kuma sai an tona. Kowacce za ka saya, nemi ta roba irin wadda Yamaha ke yi wa ɗalibai. Wadda aka yi da baƙin itacen da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik ta fi daɗin murya, amma bushewar hunturu na iya tsaga ta.

In zuciyarka ta ƙi haƙura ka tafi ga babbar, kada ka biya sai an busa maka sautinta na can ƙasa. In maɓalli na yoyon iska, a nan asirinsa ke tonuwa.