Filas ɗin da ke kai rahoto

Yaya, gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba? A gaida Inna da sauran mutanen gida. Tun da Baba ya zame a banɗaki ka ce in duba ko a nan Japan akwai abin da za a saya masa. Na duba, har ma na zarce abin da ka sa ni.

Ƙasar nan ta tsofaffi ce. Wajen kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura, mu kuwa a Najeriya wajen kashi 3 ne. Shi ya sa a manyan kantuna da yawa sai ka tarar da layi guda na kayan dattawa kawai.

Bari in fara da maƙwabciyata a nan Tsukuba. Ta haura tamanin, ita kaɗai ce a gida, ɗanta na Osaka. Tana da filas na lantarki na kamfanin Zojirushi, i-Pot ake ce masa. In ta danna ta zuba ruwan shayi, filas ya riƙe lokacin ya aika wa ɗan nata saƙo. Ranar da saƙo ya nuna ba a taɓa filas ba, sai ya bugo waya. Tun 2001 ake wannan hidima, ana biya wata-wata. Da ta nuna min dariya na yi, don na tuna gidanmu na Kwarbai: Baba ya rasa sallar asuba sau ɗaya, kafin rana ta fito liman ya aiko yaro, Inna kuma ta riga ta leƙa da koko. Amma da aka gaya min suna da kalma ta musamman, kodokushi, ta mutumin da ya rasu shi kaɗai sai bayan kwanaki a gano, dariyar ta ɗauke.

A gidan kula da tsofaffin da nake ɗan aikin wucin gadi, ƙarƙashin kowace katifa akwai wani faifai mai jin numfashi da bugun zuciya. Mai aikin dare na zaune gaban kwamfuta tana ganin wa ya yi barci, wa ke juye-juye. A wasu ɗakunan akwai kyamara mai ƙirƙirarriyar basira, wadda aka koya mata bambanta mai gyara kwanciya da mai shirin sauko da ƙafa. In na biyun ne, wayar aljihun ma'aikaciya ta yi ƙara kafin ya miƙe. Wannan kam ta burge ni, ko da yake wani dare sau uku tana tayar da mu a kan bargo.

Akwai kuma PARO, mutum-mutumi mai farin gashi kamar jaririn wata dabbar ruwa. In ka shafa shi ya lumshe ido ya yi ɗan kuka. Na ga tsohuwa mai cutar mantuwa ta rungume shi tana rarrashi. Baba dai ka san shi, cewa zai yi a fitar masa da gunki daga ɗaki.

Sirrin ba a na'urorin yake ba, Yaya, a kuɗin yake. Tun shekarar 2000 suke da inshorar kula da tsofaffi, kowa ya kai 40 ya fara zubi. Idan tsufa ya zo, yawanci kashi 10 cikin 100 kawai mutum ke biya, gado mai ɗagawa da keken turawa ma haya ake ba shi. Har gyaran gida na yen 200,000, kuɗin Japan, take ɗauka, a kafa ƙarfen dafawa, a daidaita dokin ƙofa. Mu inshorar Baba kai ne da ni da Yaya Hajiya. Ga shi na'urorin nan da wuta suke numfashi, wasu har da intanet. A kai filas ɗin nan Zariya, a ɗauke wuta kwana biyu, in ga shiru, ai hawan jini ne zai kama ni a banza.

Don haka ga shawarata. Ka samo mai walda a Tudun Wada ya kafa ƙarfe a bangon banɗaki da gefen gado, daidai ƙugun Baba, a auna yana tsaye. A shimfiɗa tabarmar roba a kan tayil ɗin nan mai santsi, a sa masa kujera ya riƙa wanka da alwala a zaune. Ni zan ba wani ɗalibi mai dawowa hutu fitilu uku masu caji da ke kunna kansu in an gifta, da akwatin magani mai gida bakwai, kowace rana da nata. Yaron nan da ke kwana a zaure kuma ya koma ɗakin Baba, ko Baba ya yi faɗa. Kuɗin walda zan turo ranar Juma'a in Allah ya kai mu.