Famfon sitiyari ya sake mutuwa: na wakala za ka saya, na tijari, ko na tashlih?

Duk wanda ya canja famfon sitiyari sau biyu cikin shekara, ya kuma ji kukan nan ya dawo, ya dakata kafin ya nufi shago. Abin ya fi damun 'yan'uwanmu na Jidda da Makka da Riyad masu shas (wato Land Cruiser a-kori-kura) da Hilux da Patrol, musamman masu kai wa raƙuma ruwa da abinci cikin rairayi. Famfon da ya zo da mota daga kamfani kan yi shekaru ba a taɓa shi ba. In naka yana ta mutuwa, akwai abin da ke kashe shi, kuma sanin wannan abin ne zai nuna maka wanda ya kamata ka saya: na wakala (na asali daga dilan kamfanin motar), na tijari (sabo amma ba na kamfanin motar ba), ko na tashlih (na hannu, daga inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu).

Saboda haka kada ka bar wa makanike mataccen famfon. Ka ce masa, "Maigida, buɗe shi a gabana." A ciki akwai zobe da wasu 'yan falle-fallen ƙarfe masu juyawa suna tura mai. In ka ga zoben ya sha karce, datti ne ya ci shi. Tsoma maganaɗisu cikin tsohon man, za ka ga garin ƙarfe ya manne. Wannan garin ne babban mai laifi a yawancin motocin da ake ta canja wa famfo: na farko ya niƙe, ya watsa ɓurɓushinsa cikin tiyo da tanki da akwatin sitiyari, aka ɗaura sabo ba a wanke ba, shi ma ya sha guba. In kuwa man yana kumfa, famfon na ƙugi tun da sanyin safiya, to iska yake zuƙa ta tiyon da ya taso daga tanki, ko kuma rariyar da ke gindin tankin ta toshe, mai ba ya isarsa. Man da ya yi baƙi yana ƙauri, zafi ne. Boris da ya mutu ko sanda mai rawa, a duba bel da aka ɗaure fiye da kima ko fulin da ya karkace.

Maganar zafi tana son a tsaya a kanta, don ita ce tamu ta nan. A rani zafin Makka da Riyad kan haura digiri 45. Mutum ya sa manyan tayoyi, ya shiga yashi ya rage iskar taya zuwa 15 ko 18 a ma'aunin psi, mota ta kafe, ya murɗa sitiyari har ƙarshe ya riƙe yana taka totur. A wannan lokacin famfon yana matsa mai da iyakar ƙarfinsa, kusan 80 zuwa 100 a ma'aunin matsi na bar, man kuwa ba inda za shi sai zagaye a cikin famfon, yana dahuwa. Daƙiƙa kaɗan sun isa su yi ɓarna. Babu famfon da za ka saya, komai tsadarsa, da zai jure wannan kullum.

To, a zo ga saye. Na wakala, wato na asali da ake samu a wurin Abdul Latif Jameel in motarka Toyota ce, shi ya fi tsada kuma shi ya fi kwanciyar hankali. Ka tafi da lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke jikin istimara, wato takardar rajistar mota, don famfon ya bambanta da injin: na 1HZ mai dizal da 1FZ mai fetur haƙoran giya ne ke juya shi, na 1GR mai silinda shida da na Hilux mai 2TR kuwa bel ne. Mai haƙoran giya yana da wata matsala ta ɓoye. In sil ɗinsa ya lalace, man sitiyari na iya zurarewa cikin injin, tanki yana ta raguwa amma ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Ga mai irin wannan injin, da wanda abincinsa ke nesa da kwalta, ni na wakala nake ba da shawara.

Na tijari iri-iri ne, kuma nan ne aka fi asarar kuɗi. Akwai na kamfanoni sanannu irin su JTEKT da KYB, waɗanda dama suna ƙera wa masu motocin Japan kaya, akwai kuma marar suna a cikin kwali mai kyau. Marar sunan kan zo da bawul ɗin da bai kai matsin da motarka ke buƙata ba, sitiyari ya yi nauyi in mota na tsaye, ko sil ya fara yoyo da wuri. Motar cikin gari za ta iya lallaɓawa da shi. Motar yashi a'a. Ka tambayi garanti a rubuce a jikin rasit.

Na tashlih, ko na Briman a Jidda ko na Ha'ir a Riyad, sa'a ne. Wanda aka cire daga sabuwar motar da ta yi haɗari ya fi tijari marar suna nesa ba kusa ba. Amma ka juya sandar da hannu ka ji ba ta cije ba, ka karkata shi ka ga launin man da zai fito, ka ƙi wanda aka bar bakinsa a buɗe ƙura na shiga. Garantinsu 'yan kwanaki ne, ka ɗaura da wuri.

Gyaran tsohon da sabbin sil da boris shi ya fi arha, yana kuma da amfani in yoyo kaɗai ne matsalar. In zoben ya karce, kada a ɓata maka lokaci.

Abin da na fi so mai saye ya riƙe shi ne rabon kuɗin. Da ka zuba duka a famfon wakala ka bar tsohon tanki, gara ka sayi matsakaici mai suna, ka haɗa da sabon tanki, da tiyon zuƙa, da kilif masu kyau, da 'yar filta mai maganaɗisu a layin dawowa. Mai manyan tayoyi ya ƙara ƙaramin lagireto na sanyaya man a gaban mota. Kafin duk wannan, makanike ya ɗaura agogon auna matsi, domin wani lokacin famfon lafiyarsa ƙalau, akwatin sitiyari ne ko duda (sandar sitiyari mai haƙora, wato rak) ke cijewa, ko tiyon matsi ya ruɓe ta ciki.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A wanke layin da sabon mai har sai wanda ke fitowa ya yi ja garau. Yawancin tsofaffin Toyota man giya ATF Dexron II ko III suke sha, an rubuta a murfin tanki, kada a gauraya da wani. Kada a buga fuli da guduma. A ɗaga gaban motar a jak, injin a kashe, a murɗa sitiyari dama da hagu a hankali ana ƙara mai har kumfa ta ƙare, sannan a tayar. Bayan mako guda ka sake tsoma maganaɗisu cikin tankin. In ya fito da gari, akwatin sitiyari bai wanku ba, a sake wankewa tun sabon famfon bai karce ba.