Sharhi kan Rangadin Dare a Sashen Dodon Koɗi Mai Dafi

Gidan nune-nunen halittun ruwa da na ziyarta yana shirya wani rangadi na musamman bayan faɗuwar rana, kuma abin da ya ja ni zuwa can shi ne ɗan ƙaramin tankin gilashi da aka ajiye dodon koɗin teku mai suna Conus geographus, wanda masanin halittun nan Linnaeus ya raɗa wa suna a shekarar 1758 saboda zanen da ke jikin ƙwansonsa ya yi kama da taswira. Zaɓen dare da masu shirin suka yi daidai ne, domin wannan halitta da rana ɓuya take yi cikin yashi ko ƙarƙashin duwatsun murjani na tekun Indiya da na Fasifik, sai duhu ya yi take fitowa farauta.

Ma'aikaciyar da ta jagorance mu ita ce ƙashin bayan rangadin. Ta rage fitilu zuwa ja mai dishi-dishi, ta roƙe mu da mu yi shiru, sannan ta nuna mana wani siririn bututu da ya leƙo daga cikin yashi, wanda da shi dabbar ke zuƙo ruwa tana sansano ƙanshin kifi, tunda idanunta ba su da ƙarfin gani sosai. Mun jira kusan rubu'in awa kafin yashin ya motsa. A hankali dodon koɗin ya fito, tsawonsa bai wuce na tafin hannu ba, ya buɗe wani faffaɗan baki mai kama da buhu, ya doshi ɗan kifin da aka saka masa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kifin bai gudu ba. Ya tsaya sororo kamar wanda barci ya ɗauke, har bakin ya lulluɓe shi gaba ɗaya.

A nan ne bayanin jagorar ya yi armashi. Ta ce dabbar tana sakin wani nau'in insulin cikin ruwa, wanda ke karya sukarin jinin kifi har ya kasala, kuma masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka ne suka bayyana haka a 2015. Bayan kifin ya shiga bakin, sai ta soke shi da wani haƙori mai rami a ciki kamar allura, wanda take harbawa tamkar mashi, dafin ya bi ta cikinsa. Kowane haƙori sau ɗaya ake amfani da shi, akwai kuma wasu a ajiye cikin wata 'yar jaka suna jiran nasu lokacin. Dafin haɗi ne na sinadarai masu yawan gaske, kowanne da inda yake kamawa a jijiya ko tsoka, kuma na ji daɗin yadda ta ƙara da cewa dafin farauta daban yake da wanda dabbar ke harbawa idan tana kare kanta, domin daga sassa daban-daban na bututun dafin suke fitowa.

Ba ta ɓoye haɗarin ba. Wannan nau'in ne aka fi danganta wa mutuwar mutanen da dodon koɗi ya harba, dafinsa ba shi da makari, kuma abin da ke ceton rai shi ne a gaggauta kai mutum asibiti a taimaka wa numfashinsa da na'ura har dafin ya sake shi. Ta kuma taɓo batun magani a taƙaice: daga dafin ɗan'uwansa Conus magus aka samo ziconotide, maganin matsanancin ciwo da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004, wanda ake zubawa cikin ruwan da ke kewaye da lakar ƙashin baya.

Sai dai akwai inda shirin ya gaza. An tara mu da yawa a gaban tankin da mutum biyar kawai za su iya gani da kyau, har wata yarinya da ke bayana ba ta ga komai ba sai da mahaifinta ya ɗaga ta bayan an riga an haɗiye kifin. Allo ɗaya da kyamara mai kawo hoto kusa da sun magance wannan. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne shagon tsaraba da ke bakin ƙofa, inda aka jera ƙwansunan waɗannan dabbobi ana sayarwa ba tare da ko layi ɗaya na gargaɗi ba, alhali kyawun ƙwanson ne ke sa mutane su ɗauki mai rai a bakin teku su jefa cikin aljihu, kuma bututun da ke ɗauke da haƙorin yana iya lanƙwasowa ya kai kusan ko'ina a jikin ƙwanson, don haka babu wurin riƙo da za a amince da shi.

Duk wanda zai je, ina ba shi shawarar ya isa da wuri ya kama gaban gilashi, ya kuma tambaya tun kafin ya yanki tikiti ko ranar ciyarwa ce, saboda dabbar da ta ƙoshi tana iya shafe kwanaki cikin yashi ba ta leƙo ba.