Yaron da ya horar mana da karen gadi a Kaduna

Wanda muka ba aikin horar da karenmu, ɗan wata shida daga irin karnukan da ake kira German Shepherd, matashi ne da ya fara da wanke keji a gidan wani mai kiwon karnuka, yanzu kuma sana'ar ce ke ci da shi. Shi yake zuwa gidan gonarmu da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Abin da ya fara tambaya katin rigakafi ne. Ya ce ba zai taɓa karen ba sai an yi masa allurar ciwon haukan kare, kuma na ga gaskiyarsa. Ba ya duka. Busasshiyar hanta yake yankawa ƙanana a aljihu, kare na zama ya miƙa masa nan take, ba jinkiri. Horon na minti 15 ne, karen ya huta, a sake. Yanzu karen yana tafiya a gefen ƙafa ba ya jan igiya, ya daina bin kaji, kuma ba ya cin abin da aka jefo ta katanga. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, don da guba ɓarayi ke fara aiki.

Ya dage sai maigadinmu ya tsaya an koya da shi. "Baba, kai zai riƙa ji, ba ni ba," haka yake ce masa.

Inda ya gaza, alƙawarin lokaci. Ran da aka yi ruwa kada ma ka jira shi, waya kuma sai ka yi ta kira. Kuɗinsa ma da ɗan tsada, amma ya yarda a biya kashi biyu.