Kwalliyar Mota a Bikin Halloween: Me Ya Kamata Ka Saya?

A Amurka, idan Oktoba ya kusa ƙarewa, makarantu da coci-coci kan shirya taron da suke kira trunk-or-treat. Iyaye su jera motoci a filin ajiye motoci, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya ƙawata shi, yara kuma cikin shigar dodanni da fatalwa su bi mota-mota suna karɓar alewa. Ranar Halloween, bikin da yara ke shigar dodanni su bi gida-gida neman alewa, ita ce 31 ga Oktoba, amma galibi ana yin taron ne a ƙarshen makon da ya gabace ta. In makarantar ɗanka ta ba ka gurbi, ga abin da za ka tarar a kasuwa.

Mafi sauƙi shi ne kayan da aka riga aka haɗa, irin wanda Walmart, Target da Amazon ke sayarwa: manyan haƙora da idanu na kwali, a manna su a bakin but, motar ta koma dodo mai buɗaɗɗen baki. Cikin 'yan mintoci an gama. Aibinsa biyu ne. Ba don motarka aka yanka shi ba, wanda ya dace da babbar jif zai yi wa ƙaramar mota yawa, don haka ka auna faɗin but kafin ka biya. Sannan kada ka yi mamakin ganin irinsa sak a motar da ke gefenka.

Ni dai na fi son haɗin gida. Tsohon kwali, baƙar ledar shimfiɗar tebur daga shagon kayan araha na Dollar Tree, farin zanen gado don fatalwa, da kabewa biyu ko uku. Kabewar gaske ta fi kyau, sai dai da zarar an sassaƙa ta kwanaki kaɗan take yi ta fara ruɓewa, ta roba kuwa za ta kai ka baɗi. Shagunan Spirit Halloween, waɗanda ke buɗewa a wannan lokaci kawai, sun fi kowa kwarangwal da kayan tsoratarwa, amma da tsada, kuma da yawansu sun fi ƙarfin yaran firamare. Tambayi masu shirya taron tukuna, wasu makarantun ba sa yarda da jini ko makami ko da na roba ne.

Inda mutane suka fi yin asarar kuɗi shi ne manyan dodannin balan-balan. Suna da ɗaukar ido, amma fanka ce ke riƙe da su a tsaye, kuma yawancinsu wutar gida suke ci. A fili babu soket. Ko dai ka haɗa inbata da batirin motarka, ko ka sayi batirin tafi-da-gidanka wanda ya fi dodon kansa tsada. Barin injin a kunne ba dabara ba ce, hayaƙin salansa daidai fuskar yara yake fita. Ko fitilar cikin but, idan ta daɗe a kunne, tana iya raunana tsohon batir. Ƙananan fitilun LED masu batirin yatsa sun wadatar. Kyandir na gaske kuwa kada ya kusanci kwali da leda.

Abin mannawa ma sai an zaɓa. Salatif mai ƙarfi, ruwan toka ɗin nan, yana barin danƙo a jikin fenti. Shuɗin salatif na masu fenti yana fita lafiya, sai dai iska na iya kwaɓe shi. Maganaɗisu ya fi duka, amma ba ya kama alminiyam, kuma tun samfurin 2015 jikin motar Ford F-150 na alminiyam ne. Gwada motarka da maganaɗisun jikin firij kafin ka saya.

Ka yi kwalliyar bayan ka yi fakin. Rufe lambar mota ko gilashin gaba, ko hawa titi da ja da shuɗin fitila mai walƙiya, zai haɗa ka da 'yan sanda.

Sai alewa, wadda ita ce ke cin kuɗi fiye da kwalliyar. Musulmi ya duba bayan leda, domin yawancin alewa mai danƙo ana yin ta da jelatin, sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, sau da yawa na alade. Ka kuma ajiye fensir ko sitika don yaran da gyaɗa ke tayar wa ciwo. Shuɗiyar kabewa mai ɗan kore a gaban mota ita ce alamar kana da irin wannan kyauta. Kayan baɗi kuwa, ka bari sai 1 ga Nuwamba, ranar shaguna ke karya farashi.