Kwas ɗin GIS na kwaleji: yadda na same shi

Na kammala kwas ɗin GIS (tsarin tattarawa da nazarin bayanan wurare a kwamfuta) da zanen taswira na shekara ɗaya a wata kwaleji, kuma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, duk da akwai gyara.

Tun ranar farko malaminmu ya faɗa mana gaskiya, cewa sabon ma'aikaci a wannan fanni yawancin aikinsa gyaran bayanai ne. Haka kuwa muka yi ta yi: bin layin hanyoyi a kan hoton tauraron ɗan'adam, haɗa iyakar filin da ba ta rufe ba, cire gidan da aka shigar sau biyu. Akwai gajiya, amma irin wannan aikin aka ba ni a gwajin ɗaukar aiki.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na tsarin lambobin wuri, wato lambobin da ke nuna inda abu yake a doron ƙasa. Malamin ya ba mu fayil biyu, na rijiyoyi da aka ɗauko da GPS a digiri bisa tsarin WGS 84, da na hanyoyi a mita bisa wani tsarin da ake kira UTM, bayan ya sanya wa na rijiyoyin tsarin da ba nasa ba da gangan. Da muka buɗe, rijiyoyin duk suka dunƙule wuri guda, ɗaruruwan kilomita nesa da hanyoyin, don kwamfuta ta ɗauki digiri a matsayin mita. Sai da muka yi ta lalube sannan ya bayyana yadda UTM ya raba duniya yanki 60, kowanne faɗin digiri 6. Daga nan ba na taɓa fayil sai na duba tsarinsa.

Mun kuma sake gina taswirar annobar kwalara ta Landan ta 1854, wadda likita John Snow ya yi, muka ga yadda mace-macen suka kewaye famfon Broad Street. A nan na gane cewa taswira na iya ceton rai.

Inda kwalejin ta gaza shi ne kusan komai a manhajar taswira ta ArcGIS Pro aka koyar, da lasisin ɗalibi. Karatu na ƙarewa, lasisi ya ƙare. QGIS, wata manhajar taswira, kyauta ce, kuma kusan duk aikin ɗan koyo za ta yi shi, amma taɓa ta kawai aka yi. SQL da Python ma, harsunan ba kwamfuta umarni, sai dab da jarrabawa aka shigo da su a gurguje, alhali tallan aiki da dama na neman su. Wannan ya dame ni sosai, don akwai abokan karatuna da suka koma gida ba su da abin ci gaba da atisaye.

Mai shirin shiga, ya tambaya ko akwai aikin ƙarshe da zai nuna wa masu ɗaukar aiki, da kuma fita fili da na'ura. Ya sauke QGIS tun makon farko, ya riƙa maimaita kowane darasi a cikinta da hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ko Sentinel-2, waɗanda su ma kyauta ne.