Yaya, kafin ka buɗe shagon kofin nan

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya su Umma. Maganar da ka yi min ran nan ta buɗe shagon kofi irin na Starbucks a Kano, wallahi tun ranar take min yawo a kai, shi ya sa na ce bari in rubuto maka abin da idona ya gani a nan Guangzhou ta ƙasar Chana kafin ka zuba kuɗinka.

Starbucks sun daɗe a Chana, tun 1999 suka buɗe na farko a Beijing, ƙasar da shayi kawai aka sani, yanzu shagunansu sun kai wajen 8,000. Kofi ɗaya mai madara ya haura yuan 30 na kuɗin Chana, kuɗin da za ka ci taliyar musulmin Lanzhou kusan sau biyu. Amma fa ba kofin ake saya ba, zaman ake saya. Ga esi, ga kujera mai laushi, ga soket ɗin caji, kuma ba mai ce maka tashi. Ni kaina in zan haɗa ejan ɗin masana'anta da wani Alhajin da ya zo saro kaya can nake kai su, mu baje samfur a tebur mu yi ta ciniki awa biyu a kan kofi uku, kuma mutum ya fi ganinka da ƙima a wurin.

To sai ga Luckin, kamfanin 'yan ƙasa, a 2017 aka kafa shi. Wanda ke ƙasan gidanmu bai fi shagon mai gyaran waya a Farm Centre girma ba, kujera biyu ce kacal, a waya za ka yi oda ka biya, kana isowa ka nuna lamba yarinyar ta miƙo maka ko magana ba kwa yi, yuan 9.9. A 2020 asirinsu ya tonu, ashe sun ƙirƙiri cinikin ƙarya na sama da yuan biliyan 2, aka cire su daga kasuwar hannun jari ta Nasdaq kowa ya ce sun mutu. Ina! Suka sauya shugabanni suka farfaɗo, yanzu shagunansu sun wuce 20,000. Waɗanda aka kora ɗin ma suka je suka buɗe wani kamfanin kofin mai suna Cotti a 2022, suna ta karya wa juna farashi. Kullum da sabon haɗi, na kwakwa ya fi tashe, nima shi nake sha. Akwai wanda suka zuba wa giyar Moutai a 2023, wannan kam ko kusa da shi ban je ba.

Abin ya taɓa Starbucks sosai, a 2025 sai da suka rage kuɗin wasu kayan shansu, a Nuwamba kuma suka sanar za su sayar wa kamfanin zuba jari na Boyu Capital har kashi 60 na harkarsu ta Chana.

Abin da ke damuna shi ne, Starbucks da Luckin duk su biyun a kan wutar da ba ta ɗaukewa suke tsaye. Kai kuwa esi na wuni guda da janareto, dizal kaɗai zai cinye ribar. Sannan mai shayin bakin layinmu ai ya riga ka, yana da benci, yana da hira har sha biyun dare, ga indomi da ƙwai, har bashi yana bayarwa. Abin da ba shi da shi kawai wuri mai tsafta da mata da ɗalibai za su zauna da laftof hankali kwance. Nan nake ganin ƙofarka take. Ka fara da ƙaramin wuri kusa da BUK, ka sa sola da fanka, shayi mai kayan ƙamshi ya zama shi ne gaba, kofi ya biyo baya.

Ranar Asabar in sha Allah zan shiga kasuwa in duba maka kuɗin ƙaramin injin haɗa kofi, zan turo bidiyo. Ka gaida Anti da yara.